Yadda ake zaɓen tukunyar fure ta cikin gida, mataki bayan mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu karatu, kowa da irin yadda yake faɗinta: "Na sayi tukunyar fure mai kyau, amma da na zuba furanni sai suka baje kamar an watsar da tsintsiya. Me na yi ba daidai ba?" Wasu kuma kukansu shi ne furen ya nutse ciki, kawunansa kaɗai ake gani. Amsar kusan kullum ɗaya ce. An sayi tukunyar ne saboda kyanta a kan kanta, ba a tambayi furen da zai zauna cikinta ba, ba a kuma duba wurin da za a ajiye ta ba. Ga yadda nake bi, kuma jerin yana da muhimmanci, don kowane mataki shi yake rage muku zaɓin na gaba.

Kafin ku fita, ku tanadi tef ɗin awo, da takarda da biro, da waya don ɗaukar hoton wurin. Shi ke nan kayan aikin.

1. Ku tantance abin da za ku saka a ciki

Tukunyar fure iri biyu ce, mutane kuma suna yawan haɗa su. Akwai ta shuka, wadda ake zuba wa ƙasa, tana da huda a gindi don ruwa ya tsiyaye. Akwai ta yankakken fure, wadda ba ta da huda ko kaɗan saboda aikinta riƙe ruwa. Wannan ta biyun muke magana a kai.

Ita ma sai kun san ko ɗanyen fure za ku riƙa sakawa, ko busasshe, ko na roba. Ɗanye yana buƙatar tukunyar da ke riƙe ruwa, wadda kuma za a iya wanke cikinta. Busasshe da na roba ba ruwansu da wannan, ko kwando ma ya ishe su, sai dai sun fi son tukunyar da ba a ganin cikinta, domin karan roba da wayar da ke cikinsa ba abin nunawa ba ne.

Gargaɗi: kada ku shuka tsiro mai saiwa kai tsaye cikin tukunyar da ba ta da huda. Ruwa zai kwanta a ƙasa, saiwar ta ruɓe, ganye kuma ya fara rawaya kuna ta ƙara masa ruwa kuna zaton ƙishi yake ji.

2. Ku auna wurin

Ku tsaya gaban wurin da tef a hannu. Ku auna faɗin teburin ko kantar, sannan ku auna sararin da ke samansa, daga inda gindin tukunya zai zauna zuwa abin da zai tare ta, ko kanta ta sama ce, ko hoton bango, ko fitila. Wannan awon na biyu shi aka fi mantawa. Tukunya mai santimita 30 ba sararin santimita 30 take so ba, idan fure ya shiga za ta nemi kusan 60.

Teburin cin abinci yana da tasa doka: tukunya da furenta gaba ɗaya kada su wuce wajen santimita 30, don wanda ke zaune ya ga fuskar na gabansa ba tare da leƙe ba. Teburin tsakiyar falo gajere ne, daga sama ake kallonsa, saboda haka gajeruwar tukunya mai faɗi ta fi masa. Dogaye wurinsu kusurwa ne, ko teburin da ke jingine da bango.

Gargaɗi: idan wurin yana samun rana kai tsaye, ku sake wuri. Zafi yana gaggauta buɗewar fure da mutuwarsa. Ban da haka, zagayayyen gilashi cike da ruwa yana iya tattara hasken rana wuri ɗaya kamar tabaron ƙara girma, har ya ƙona katako ko labule. Ku nisanci kuma bakin fanka, da iskar na'urar sanyaya ɗaki, da kwanon 'ya'yan itace. Ayaba da tuffa idan suna nuna suna fitar da iskar etilin, ita kuma tana tsofar da fure da wuri.

3. Ku daidaita tsayi da tsawon kara

Ma'aunin da masu shirya furanni suke bi mai sauƙi ne: tsayin furen gaba ɗaya ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na tsayin tukunya. Wato tukunyar ta rufe kusan rabin kara ko fiye da haka kaɗan. Wardi mai kara santimita 50 zai zauna daidai cikin tukunya mai santimita 25 zuwa 30. Gladiyolas da dogon lili suna son wadda ta fi haka.

Idan kuna shakka tsakanin biyu, ku ɗauki gajeruwar. Dogon kara almakashi yana maganinsa, amma gajeren kara cikin doguwar tukunya sai an yi ta dabarar cusa tsakuwa a ƙasa.

4. Ku dubi baki, a nan maganar take

Da za a ce in bar muku mataki ɗaya kawai, wannan zan bari. Launi da zane ido suke ja a kanti, amma bakin tukunya shi yake yanke hukuncin yadda fure zai tsaya, da yawan furen da za ku riƙa saye har ranar da tukunyar ta fashe.

Ga lissafin. Baki mai faɗin santimita 20 ba ninki biyu na mai santimita 10 yake ci ba, ninki huɗu yake ci, domin fili yana ƙaruwa ta tsawo da faɗi a lokaci guda. Idan kara goma suka cika ƙaramar, babbar sai wajen arba'in kafin ta daina kama da wadda aka yi wa rowa. Shi ya sa mutum zai sayi ƙatuwar tukunya da murna, ya yi amfani da ita sau biyu, daga nan ta koma saman kabad tana tara ƙura.

Ga ɗaurin fure irin wanda hannu ɗaya yake riƙewa, baki mai santimita 8 zuwa 10 ya wadatar. Gwajin da nake yi a kanti ba ya buƙatar tef: in haɗa babban yatsa da manuni na hannu biyu su yi zobe, in ɗora a bakin. Idan bakin ya fi zoben nan faɗi sosai, na san tukunyar ta fi ƙarfin furen da nake saye.

Sai siffa, wadda ita da baki tare suke aiki.

Mai ƙugu, wato wadda ta tsuke a wuya ko a tsakiya sannan ta ɗan buɗe a sama, ita ce mafi sauƙin sha'ani. Wuyan yana tattara kara wuri ɗaya, cikin yana ba su wurin miƙe ƙafa, bakin kuma ya bar kawunan su buɗe. Ko wanda bai iya shiri ba, ya jefa fure ciki zai yi kyau. Idan guda ɗaya tak za ku saya, ita ce.

Miƙaƙƙiya, wadda faɗinta ɗaya daga sama har ƙasa, tana riƙe dogayen kara masu ƙarfi, kuma tana tallafar tulip, wanda yake ci gaba da tsawo ko bayan an yanke shi, yana kuma lanƙwasa wajen haske. Aibinta shi ne idan furen bai cika ta ba, duk sai ya kwanta gefe ɗaya.

Mai baki kamar kakaki, siririya a ƙasa buɗaɗɗiya a sama, tana da kyau da manyan ɗauri, amma ita ce ta fi kowace cin fure.

Zagayayya kamar ƙwallo tana son a yanke kara gajeru har kawunan su zauna a kan bakin. Fure mai babban kai, irin haidaranjiya ko wardin da ya buɗe sosai, shi ne nata. Kada ku sa mata dogon kara, zai bi lanƙwasar cikin ya faɗo waje.

'Yar mitsitsiya mai siririn wuya, ta kara ɗaya ko biyu, mutane suna raina ta, ni kuwa ita na fi amfani da ita. Furen da ya karye wajen shiri, ko guda biyun da suka rage bayan sauran sun bushe, duk nan suke komawa. Uku ko biyar a jere a kan tebur sun fi wata babbar ɗaukar ido.

Gargaɗi: kada suna ko tsada su rufe muku ido. Shahararriyar tukunyar gilashin nan da Alvar Aalto na ƙasar Finland ya zana a 1936, mai baki kamar igiyar ruwa, har yau ana yin ta ana saye, amma ita ma ba kowane fure take karɓa ba. Kara uku a cikin babbarta sai su ɓace. Haka nan baki mai matsewa da yawa yana da tasa illar: idan sai kun danna kara da ƙarfi kafin su shiga, kun murje su, kuma murjajjen kara ba ya shan ruwa yadda ya kamata.

5. Ku zaɓi abin da aka yi ta da shi

Gilashi fari, wanda ake ganin ciki, shi ya fi araha da sauƙin samu, kuma ba ya ɓoye komai. Wannan alheri ne, domin za ku ga ruwa ya ragu ko ya gurɓace. Nauyi ne kuma, domin baƙo ma zai gani. Gilashi mai launi ko mai duhu yana rufa asiri, kuma da yake haske bai cika shiga ba, gansakuka ba ta saurin fitowa.

Tangaran mai sheƙi ciki da waje yana riƙe ruwa, yana da nauyi, yana ɓoye kara. Ku leƙa cikinsa da fitilar waya. Akwai wanda aka shafe wajensa kawai aka bar cikin gaya, irin wannan na ado ne.

Yumɓu marar sheƙi yana da ƙananan kafofi, ruwa yana naso ta jikinsa. Na koyi wannan da tsada. Wata tukunyar ƙasa da na ƙaunata ta kwana uku a kan teburin katako, da na ɗaga ta sai ga farin zobe wanda har yau bai fita ba. Idan kuna son kamanninsa, ku zura kwalba ko kofin gilashi a ciki, ruwan ya zauna a nan. Haka za a yi wa tukunyar katako da ta saƙa.

Ƙarfe ba ya fashewa, amma wani yana tsatsa, tagulla kuma tana canza launi. Garin abincin fure da ake haɗowa da ɗauri yana da ɗan tsami a cikinsa, tsamin kuma yana cin jikin wasu ƙarafa. Nan ma kwalba a ciki ita ce mafita.

Roba ba ta da nauyi, ba ta fashewa, ta dace da gidan da ke da ƙananan yara. Sai dai cikinta yana karcewa, datti kuma yana maƙalewa a karcen.

Maganar launi gajeruwa ce: idan furenku masu launuka da yawa ne, tukunyar ta yi shiru, fara ko toka-toka ko gilashi. Tukunya mai zane da yawa tana son fure mai launi ɗaya, ko ganye zalla.

6. Ku gwada gindi da nauyi

Ku ajiye ta a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ku ɗan tura bakinta da yatsa ɗaya. Idan ta yi rawa tana babu komai, ku tuna cewa nauyin fure a sama yake taruwa. Doguwa mai siririn gindi kyan ɗan maciji gare ta. Ruwa yana taimakawa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, amma busasshen fure ba shi da wannan gatan, sai ku zuba yashi ko tsakuwa a ƙasa. Babbar tukunyar da ake girkewa a ƙasa kuwa, ku cika kusan kashi ɗaya bisa uku nata da yashi kafin komai.

Ku yi tunanin ɗauka ma. Tukunyar da ke cin lita biyar, da nauyin jikinta, za ku riƙa kai ta wurin wanki bayan kwana biyu-biyu.

Gargaɗi: gidan da ke da kyanwa, kada lili ya shiga ko a wace tukunya. Ganyensa, da garin da ke cikin furensa, har ruwan da ya zauna ciki, duk suna iya lalata ƙodar kyanwa. Masu yara masu rarrafe kuma su ɗaga tukunyar gilashi sama, su guji ɗora ta a kan mayafin tebur mai lilo wanda ƙaramin hannu zai iya ja.

7. Ku duba lafiyarta kafin ku biya

Ku zagaya bakin da yatsa a hankali don jin ɓantarewa. Ku ɗaga gilashi wajen haske ku nemi siririn layin tsagewa, musamman kusa da gindi. Tangaran ku ƙwanƙwasa shi da farce: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take. Ku shafa ƙasan gindin, idan yana da kaushi zai karce tebur, sai a manna masa ɗan ƙyalle mai laushi.

Sannan ku gwada zura hannu. Idan hannu bai shiga ba, ku tabbata burushin wanke kwalba zai kai ƙasa kuma zai taɓa kafaɗun ciki. Tukunyar da ba ta wankuwa za ta riƙa kashe muku fure kuna zargin mai sayarwa.

Idan daga nesa za a aiko muku, kada ku amince da hoto, don a hoto ƙaramar kwalba tana iya zama kamar randa. Ku nemi awo uku a rubuce: tsayi, faɗin baki, faɗin gindi. Ku tambaya ko tana riƙe ruwa, ku kuma san wanda zai ɗauki asara idan ta iso a fashe.

8. Ku yi lissafin kuɗi gaba ɗaya

Kuɗin tukunya sau ɗaya ake biya, kuɗin cika ta kuwa kullum ne. Mai faɗin baki da aka samu da araha tana iya fin mai tsada cin aljihu cikin 'yan watanni. Gilashin da inji ya yi shi ne ƙasa a farashi, sai tangaran na masana'anta, sannan aikin hannu da kiristal a sama. An ce araha ba ta ado, amma a nan karin maganar bai cika kamawa ba, domin fure bai san kuɗin tukunya ba, baki da tsabta ya sani.

Shawarata ga mai farawa ita ce guda uku: matsakaiciya mai ƙugu, wajen santimita 20 zuwa 25, ita za ta yi yawancin aikin, don haka a kanta za ku fi kashe kuɗi. Sai doguwa miƙaƙƙiya, sai 'yar ƙarama. Ku bar saitin nan na guda shida masu kama ɗaya, yawanci biyu kawai ake taɓawa. Ku ware ɗan abu kuma don burushi da almakashi mai kaifi.

9. Gwajin kwana ɗaya a gida

Ku wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi, ku shanya wajenta sosai, ku cika ta da ruwa, ku ɗora a kan busasshiyar takarda ta kwana. Da safe idan takardar ta yi laima, tana yoyo ko naso, sai ta koma ta busasshen fure ko a sa mata kwalba.

Gargaɗi: kada ku zuba tafasasshen ruwa cikin gilashi mai sanyi. Canjin zafi na farat ɗaya yana tsaga shi, mai kaurin gindi ma ya fi saurin yi.

10. Zubin farko, da gyaran wadda kuka riga kuka saya

Ku jera furen a gefen tukunyar, a bakin tebur, ku ga inda ya kamata a yanke kafin ku yanke. Ku cire santimita biyu zuwa uku daga ƙasan kowane kara, yankan a karkace, don ya sami faɗin shan ruwa kuma kada ya manne da gindin tukunya. Duk ganyen da zai nutse a cire shi. Kara mai tauri irin na wardi yana son ruwa mai zurfi, kusan kashi biyu bisa uku na tukunyar. Mai laushi irin na jabera ruwa kaɗan yake so, in ya yi yawa sai ya ruɓe. Dafodil kuma yana fitar da yauƙi mai cutar da sauran furanni, musamman tulip, don haka ku ba shi tasa tukunyar.

Wanda ya riga ya sayi mai faɗin baki kada ya jefar. Ku busar da bakin, ku gitta siririn salatif a kai, tsaye da kwance kamar gidan dara, ku riƙa zura kara cikin ramukan. Idan tukunyar ba a ganin cikinta, ku dunƙule ragar waya irin ta kejin kaji ku tura ciki. Ga faranti ko gajeren kwano, akwai ƙaramin ƙarfe mai allurai a tsaye wanda masu shirya fure na Japan suke kira kenzan, a kansa ake soke kara. Koren soson nan da masu ado suke amfani da shi yana aiki, amma roba ce, yana marmashewa ya bi ruwa, kuma ba ya jure maimaici, don haka ban ga dalilinsa a gida ba.

Ruwa a canza shi bayan kwana biyu ko uku, a ɗauraye tukunyar, a sake ɗan yanke kara. Ruwa ba ya tsami banza: idan ya yi wari ko ya yi fari-fari, ƙwayoyin cuta ne suka yawaita, su ne kuma suke toshe hanyar shan ruwan kara. Akwai wani dalilin da ya fi fure muhimmanci. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue yana son ruwa mai tsabta da ya kwanta cikin mazubi a cikin gida, yana manna ƙwansa a jikin bangon, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan yana iya zama sauro. Zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, sai an goge bangon ciki.

Mai siririn wuya da burushi bai kai ba, ku zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu da ruwan ɗumi da ɗan ruwan khal, ku toshe bakin ku girgiza. Farin tabon da ruwa yake bari a gilashi shi ma khal yana narkar da shi idan ya jiƙa na ɗan lokaci.

Gargaɗi: idan za ku yi amfani da bilic don kashe ƙwayoyin cuta, kaɗan ya isa, kuma shi kaɗai. Kada ku taɓa haɗa shi da khal, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu. Ku ɗauraye sosai, ku kife tukunyar ta bushe, sannan ku adana ta a kife don kada ƙura ta taru a ciki.